Folet: Bitamin ɗin da ke cikin wake da ganye, da kwana 28 da ke yanke makomar jariri

A yawancin gidajen Arewa ba a sanar da ciki da wuri. Mace kan yi wata uku ko huɗu tana ɓoye shi, musamman idan na fari ne, saboda kunya da gudun bakin mutane. Sai ciki ya fito sannan a fara maganar zuwa awo. A asibiti kuma a miƙo mata ƙwayoyi iri biyu: ja ta ƙarin jini, da wata 'yar ƙarama ruwan ɗorawa da ake kira folik asid. Abin da ba a cika faɗa mata ba shi ne, aiki mafi girma da wannan ƙaramar ƙwaya za ta yi wa jaririnta lokacinsa ya wuce tun watanni biyu ko uku baya.

Ƙwayar tana ɗauke ne da bitamin B9, wanda ake kira folet idan a cikin abinci yake, ake kuma kiran sa folik asid idan masana'anta ce ta haɗa shi. Jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera shi gwargwadon buƙata, dole sai an ci. Kuma abincin da ya fi kowane ɗaukar sa a wannan yanki ba baƙo ba ne a kasuwa ko a tukunya: wake ne, amfanin gonar da Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya nomawa, Nijar na biye da ita. Tambayar ita ce, ta yaya ƙarancin wannan sinadari yake samun gurbi a ƙasar wake?

Aikin da folet ke yi a jiki

Duk lokacin da wata ƙwayar halitta a jiki za ta rabu gida biyu, sai ta kwafi bayanan gado da ke cikinta. Folet na daga cikin kayan aikin wannan kwafi. Shi ya sa ƙarancinsa ke fara bayyana a wuraren da ƙwayoyin halitta ke saurin rabuwa, kuma babu inda ya kai wurare biyu: ɓargon ƙashi, inda ake ƙera jini, da kuma mahaifar mai sabon ciki.

A ɓargo, idan folet ya yi ƙaranci, jajayen ƙwayoyin jini kan fito manya-manya amma 'yan kaɗan, ba su kuma ƙosa ba. Sakamakon shi ne wani nau'in ƙarancin jini mai zuwa da kasala, haki, bugun zuciya da ciwon harshe. Jiki ba ya ajiye folet mai yawa. Abin da babban mutum ke da shi bai wuce miligiram 15 zuwa 30 ba, kusan rabinsa a hanta, kuma 'yan watanni na rashin cin abinci mai ɗauke da shi sun isa su ƙarar da ajiyar.

A mahaifa lamarin ya fi gaggawa. A mako na uku bayan shigar ciki, wani shimfiɗaɗɗen sashe a bayan ɗan tayi yakan fara naɗewa ya zama kamar bututu. Daga wannan bututu ne ƙwaƙwalwa da laka za su samu. Zuwa kwana na 28 ya kamata a ce ya rufe daga sama har ƙasa. Idan ƙasan ne bai rufe ba, a haifi jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya, sau da yawa da wani ƙullutu a gadon baya, larurar da likitoci ke kira sifaina bifida. Irin waɗannan yara kan yi fama da shanyewar ƙafafu, kasa riƙe fitsari da bayan gida, da taruwar ruwa a kai. Idan kuwa saman ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa kammaluwa, jaririn kuma ba ya rayuwa. Ƙiyasin masana ya nuna ana samun irin wannan a jarirai tsakanin 260,000 da 300,000 a duniya duk shekara.

Kwana na 28 ɗin nan ya yi daidai da kusan mako biyu bayan mace ta ga batan wata. A lokacin mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba, balle su je awo. Binciken ƙidayar lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 18 cikin 100 ne kacal na matan Najeriya ke fara awo a watanni ukun farko. Ko su ɗin ma, akasarinsu suna isa asibiti ne bayan bututun ya riga ya rufe, ko ya kasa rufewa.

Daga Bombay zuwa Zariya

Tarihin gano wannan sinadari ya fara ne da mata masu ciki matalauta. A 1928 wata likita 'yar Birtaniya, Lucy Wills, ta isa birnin Bombay na Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai, domin binciken wani mummunan ƙarancin jini da ke kashe masu juna biyu a cikin ma'aikatan masaƙu. Bayan ta kasa samun ƙwayar cutar da za a ɗora wa laifi, sai ta koma kan abincinsu. A 1931 ta wallafa cewa Marmite, wani abin shafa wa burodi da ake yi da yis, yana warkar da su. Shekara goma bayan haka, a 1941, masana a Amurka suka tace sinadarin daga ganyen alayyahun Turawa, suka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai ma'anar ganye.

Arewacin Najeriya ma yana da nasa babi a wannan tarihi. A 1986 Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, tare da abokan aikinsa, suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da mata Hausawa 200 masu cikin fari a Zariya. Gwajin ya nuna yadda zazzaɓin cizon sauro ke da hannu a lamarin. Cutar tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ɓargo ya shiga aikin maye gurbinsu ba dare ba rana, a haka ya cinye folet ɗin da ke jiki. Ba wa matan maganin kariya daga zazzaɓin kaɗai ya rage yawan waɗanda ɓargonsu ya nuna alamar ƙarancin folet. Wannan dalili ne kuma ya sa ake ba masu amosanin jini folik asid a kai a kai, domin jajayen ƙwayoyin jininsu ba sa daɗewa suke mutuwa. A ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin rukuni ba ne.

Hujjar da ta danganta folik asid da lafiyar ƙashin bayan jarirai ta tabbata ne a 1991. Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta yi gwaji da mata 1,817 a ƙasashe bakwai, dukkansu sun taɓa yin cikin da ya zo da wannan larura. A cikin waɗanda aka ba folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, maimaituwar larurar ta ragu da kashi 72 cikin 100.

Nawa jiki ke buƙata, kuma ina ake samu?

Ana auna folet da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na miligiram. Babban mutum, namiji ko mace, yana buƙatar maikirogiram 400 a rana. Mai ciki na buƙatar 600, mai shayarwa 500. Alƙaluman da ke biye daga rumbun bayanan abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka suke, kuma kowane adadi na giram 100 ne na abincin.

Wake ne a kan gaba. Busasshen wake ɗanye yana ɗauke da maikirogiram sama da 600, dafaffe kuma kusan 208, saboda ya sha ruwa ya kumbura, wani kason kuma ya salwanta a wuta. Ma'ana, giram 200 na dafaffen wake, abin da bai wuce cikin madaidaicin kwano ba, ya biya wa babban mutum buƙatarsa ta yini. Waken suya ɗanye yana da kusan 375, ɗanyar gyaɗa 240, duk da cewa suya na rage ta sosai. Riɗi yana da kusan 97.

A ɓangaren nama, hanta ce ke da shi, tunda a can dabba ma take ajiye nata. Dafaffiyar hantar sa tana da kusan 250, ta kaza ta haura 500. Tsokar nama kuwa abin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, ƙwai ɗaya kuma bai wuce 22 ba. Sai dai hanta na tattare da gargaɗi: tana ɗauke da bitamin A mai yawan gaske, wanda idan ya wuce kima yakan cutar da ɗan tayi. Hukumomin lafiya a Birtaniya suna shawartar masu ciki su ƙaurace mata baki ɗaya. Don haka hanta ta fi dacewa da sauran mutanen gida fiye da mai sabon ciki.

Ganyaye sun bambanta fiye da yadda ake zato. Alayyahun Turawa, wanda aka fara tace sinadarin daga gare shi, yana da 194 a ɗanyensa. Alayyahun da aka saba gani a kasuwannin Kano da Maraɗi wani tsiro ne daban, kuma yana da kusan 85. Lalo ya kai 123, ɗanyar kuɓewa 60, kabeji 43. Zogale, duk da sunan da ya yi, kusan 40 gare shi. Darajarsa tana wajen wasu sinadaran, amma a batun folet lalo ya ninka shi sau uku. A 'ya'yan itace, fiya tana da 81, mangwaro 43, gwanda 37, lemon zaƙi 30. Waɗannan suna da wata fa'ida da ganye ba shi da ita: ba a dafa su, don haka abin da ke cikinsu yana isa ciki yadda yake.

A can ƙasan jerin kuwa akwai abincin da ya fi cika kwano. Ƙwayar masara tana da kusan 19, dawa kusan 20, farar shinkafa 8. Wanda ya dogara da masara kaɗai sai ya cinye sama da kilo biyu a rana kafin ya kai 400. Gidan da tsadar rayuwa ta mayar da shi ga tuwo dare da rana, da miya tsululu, wake kuma sai jefi-jefi, ba zai kwana da yunwa ba, amma folet ɗin da ke shiga jikin matan gidan ya yi nisa da abin da suke buƙata.

Abin da ke salwanta a tukunya

Samun abincin mataki ɗaya ne, isar sinadarin jiki wani mataki ne daban. Folet na narkewa a ruwa, zafi yana lalata shi, hasken rana da iska ma haka. Wani bincike da aka wallafa a 2002 ya gano cewa tafasa alayyahun Turawa a ruwa na zubar da kusan rabin folet ɗinsa, alhali turara shi bai rage wani abin a zo a gani ba.

Idan aka ɗora wannan a kan yadda ake girki a nan, za a ga inda asarar take. Ana tafasa zogale ko rama har su yi laushi, a tsiyaye ruwan, a matse ganyen tas kafin a kwaɗa. Ana yanka alayyahu tukuna sannan a wanke shi, ruwan wankin ya tafi da abin da ya fito daga yankan. Ana zuba ganye a miya tun da wuri, ya yi ta tafasa har launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, da safe kuma a sake ɗumama ragowar. Ganyen da aka shanya a tsakar rana domin ajiyar rani shi ma ba ya riƙe duk abin da yake da shi yana ɗanye.

Gyaran ba ya buƙatar ƙarin kuɗi. A wanke ganye kafin a yanka. A sa shi a ƙarshen girki, a rufe tukunya na 'yan mintuna, a sauke yana kore. Inda zai yiwu a turara shi kamar yadda ake yi a dambu. A dafa wake da ruwan da zai shanye, kada a zubar da romonsa, kamar yadda ake yi a faten wake. Ganyen da za a adana a shanya shi a inuwa.

Dalilin da ya sa abinci kaɗai bai wadatar ba

Ko an kiyaye duk waɗannan, akwai wani gibi. Jiki na iya amfani da kusan rabin folet ɗin da ke cikin abinci ne kawai, yayin da yake ɗaukar kusan kashi 85 cikin 100 na folik asid idan an sha shi tare da abinci. Gwaje-gwajen da suka nuna kariya ga ƙashin bayan jarirai kuma da folik asid aka yi su. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, take ba da shawarar kowace mace ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum, tun daga lokacin da take sa ran ɗaukar ciki har zuwa mako na 12, ƙari a kan abinci mai kyau. Bayan nan ma takan ci gaba da sha tare da ƙwayar ƙarin jini har ta haihu. Ana buƙatar aƙalla wata ɗaya ana sha kafin shigar ciki domin sinadarin ya taru a jini. A al'ummar da akasarin ciki ba a sa masa rana, wannan na nufin matar aure da ke iya ɗaukar ciki a kowane lokaci, da amaryar da ake shirin kai wa ɗakinta, su ne suka fi cancantar wannan ƙwaya.

Akwai matan da ke buƙatar fiye da haka, miligiram 4 zuwa 5 a rana: wadda ta taɓa yin cikin da ya zo da wannan larura, mai ciwon suga, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya. Wannan hukunci ne na likita, domin yawan ma yana da nasa illar. Folik asid mai yawa kan ɓoye alamun ƙarancin bitamin B12, jini ya gyaru alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.

Sannan akwai wani karo da ya shafi ƙasashen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro. Daga wata na huɗu ana ba masu ciki maganin kariya da ake kira SP, wanda aka fi sani da Fansidar. Maganin yana aiki ne ta hanyar toshe wa ƙwayar cutar hanyar samun folet. WHO ta yi gargaɗin cewa shan folik asid miligiram 5 ko fiye kullum tare da shi yana rage masa ƙarfi, amma maikirogiram 400 ba ya hana shi aiki. Ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da aka fi samu a kemis sau da yawa mai miligiram 5 ce, wato ninki 12 da rabi na abin da yawancin mata ke buƙata. Mai ciki na da haƙƙin ta duba kwalin, ta kuma tambayi ma'aikaciyar awo wace ce aka ba ta.

Garin da aka inganta, da tuwon da bai sani ba

Da yake ba kowace mace ce za ta sha ƙwaya kafin ciki ba, ƙasashe da dama sun zaɓi su zuba sinadarin a abincin da kowa ke ci. Amurka ta wajabta ƙara folik asid a kayan hatsi daga 1998, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa hakan na kare jarirai kusan 1,300 duk shekara. Afirka ta Kudu ta fara da fulawa da garin masara a 2003, larurar kuma ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A Mayun 2023 babban taron WHO ya amince da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su hanzarta wannan aiki.

Najeriya ta wajabta inganta fulawa, garin masara, suga da man girki tun 2002, da farko da bitamin A, daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar gari ta haɗa da folik asid. Hukumar SON ce ke tsara ƙa'idar, NAFDAC kuma ke sa ido. Amma dokar tana aiki ne a kan abin da ya fito daga masana'anta. Afirka ta Kudu ta ga sakamako ne domin yawancin jama'arta garin masarar kamfani suke saye. A Arewa kuwa, mace kan auno masara ko dawa a kasuwa, ko ta ɗebo daga rumbu, a surfe, a kai injin niƙa na unguwa. Wannan gari bai taɓa bi ta hannun kamfani ba, don haka babu abin da aka ƙara masa. Folik asid ɗin da doka ta tanada yana isa ga mai sayen burodi, taliya da fanke, ya tsallake matar ƙauye mai tuwo da fura, wadda ita ce kuma ta fi nisa da asibitin da zai iya yi wa jariri aikin ƙashin baya.

Wannan gibi ne ya sa aka juya ga dunƙulen miya, wanda ke shiga kusan kowace tukunya a birni da ƙauye. A 2024 hukumomi suka fitar da ƙa'idar ƙara masa folik asid, bitamin B12, zink da sinadarin ƙarfe. Sai dai bin ƙa'idar na ganin dama ne ga kamfanoni, kuma dunƙule gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, don haka ba abin da za a ce a ƙara ci ba ne domin neman bitamin.

Kafin waɗannan tsare-tsare su kai ga kowane gida, kariyar da ke hannu ta rataya ne a kan abubuwa uku: wake ko gyaɗa a kwano kusan kullum, ganyen da bai mutu a wuta ba, da ƙwayar maikirogiram 400 da aka fara sha kafin batan wata. Na ukun ne ya fi wuya, domin yana buƙatar a yi maganar ciki tun babu shi, a al'adar da ko yana nan ba a son ambatonsa. Masu nasiha ga amare, ungozomomi, malaman Islamiyya na mata, da mazajen da ke riƙe da kuɗin cefane, su ne ke ganin mace a watannin da asibiti ba ya ganin ta. Idan saƙon bai bi ta hannunsu ba, zai ci gaba da isowa a ranar awon farko, makonni da dama bayan kwana na 28.